Man Shanun da Ya Ƙi Juyawa

Tunda ka tambayi amfanin itatuwan da ke bakin dangarmu, gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauye an yi wata mata mai sana'ar suyar man shanu. Ita da yawancin matan garin da wannan sana'a suke rufa wa kansu asiri, domin akwai wani falke da ke zuwa da mota daga kudu yana kwashe duk abin da suka soya. Wata shekara bazara ta yi tsanani. Kafin falken ya kai kaya inda zai kai su, rabin man ya juya, ya yi hamami, duk wanda ya lasa sai ya ji maƙaƙi a maƙogwaro. Sau biyu ana haka. Da ya zo na uku sai ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce daga wannan lodi ba zai ƙara sayen ko ludayi guda a garin ba. Matar nan ta koma gida. Tana cikin tankaɗen garin tuwo sai ta tuna yadda kakarta ke soya mai in za a yi wa matafiyi guzuri. Ta ajiye rariya. Ta ɗauko busasshen zogalen da ta shanya a inuwa, ta daka kimba da citta, ta juye duk man da ta tara na mako guda a tukunya, ta barbaɗa su ciki. Ta bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ƙamshi ya cika gidan, sannan ta tace da farin ƙyalle. Man ya fito da ɗan kore-kore. Washegari da ta zuba shi a gwangwani ta kai bakin mota kafin falken ya tashi, mata suka bushe da dariya, wata ta ce yau kuma miyar kuka aka kawo wa falke. Shi ma ya yamutsa fuska, ya ce babu mai sayen mai da wannan launi. Ta ce, "Ba sayarwa na zo yi ba. Tafi da shi, in ya lalace ka zubar." Don kunya ya karɓa, ya cusa gwangwanin ƙarƙashin kujerar mota, ya manta da shi.

Ta yi kwana arba'in ba ciniki, har 'yar akuyarta ta sayar don a sami na cefane. Ranar wata kasuwa sai ga motar falke, ya zo sayen gyaɗa kawai. Matan suka yi cirko-cirko, ya gaya musu wancan lodin ma ya juya a hanya. Matar ta matso ta tambayi gwangwaninta. Ya lalubo shi daga inda ya sha zafin inji da na rana, ya kawar da kai gefe yana jiran wari, ya ɓalle murfin. Ƙamshi ya tashi kamar yanzu aka sauke tukunya. Ya dangwala da yatsa ya lasa, ya sake dangwala, ya miƙa wa na kusa da shi. Gwangwanin ya zaga kasuwa hannu zuwa hannu, ya dawo ba ko ɗigo. Wadda ta yi zancen miyar kuka ita ta fara rangaɗa guɗa. Falke ya ce duk yawan irin wannan mai yana so. Matar ta san hannunta ɗaya ba zai cika mota ba, don haka ta tara matan a tsakar gidanta, ta nuna musu awon ganyen da yanayin wutar, ba ta ɓoye komai ba. Da damina ta faɗi, babu gidan da bai kafa zogale a dangarsa ba, mota kuwa ta koma zuwa sau biyu a wata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, raina kama ka ga gayya.