Lallen Mai Jego

Wannan misali a wurin wani malamina na ji shi, ko kuwa a bakin matarsa, na fara mantawa. Sunan garin ma ya ɓace mini, sai dai na tuna akwai tsamiya a ƙofar asibitinsu. To, a nan aka yi wata ma'aikaciyar jinya, ƙwararriya. Tana da wani kati na gane ƙarancin jini, mai jerin launin ja, daga ja wur kamar gauta har zuwa mai kama da ruwan wankin nama. Duk mai jegon da aka kawo, sai ta ɗiga jininta a farar takarda, ta fita haske ta gwada da katin. Ko fuskar mace ta yi kyau, ba ta yarda sai kati ya yarda.

Sai 'yarta ta fari ta haihu, ta zo gida wanka. Ka san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunanta, balle ta riƙe haɓarta ta janye fatar ido ta duba. Daga bakin ƙofa take leƙawa, ta ga tafin hannu ja da lallen suna, ido da kwalli, ɗaki kuma ba taga. Yarinyar tana zubar da jini kaɗan-kaɗan, ita ma kunya ta hana ta faɗa. Kullum tana ɗan ƙara dusashewa, amma ta yau ba ta da nisa da ta jiya. Katin yana cikin jaka a rataye a wannan ɗakin. Uwar takan ce a ranta, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Ina muka tsaya? Yawwa. Wata abokiyar aikin uwar ta zo barka a makare, ta fito da mai jego tsakar gida, ta dubi leɓenta, ta ce, "Yaya, ina katinki?" Da aka ɗiga jinin aka gwada, ɗigon ya fi launin ƙarshe haske. A hanyar babban asibiti ta cika, kanta a cinyar uwar, wadda sai a ranar ta kira sunanta. Masu wankan gawa sun ce lallen ko dusashewa bai yi ba.

Shi ya sa mutanen dauri suka ce: ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum.