Turaren Ranar Ruwa

Ruwan farko ya ɗauke ke nan, da la'asar, Malam Inuwa ya yi sallama a zauren gidansu Asama'u da ke Ƙofar Doka. Tun shigowar bazara yake neman bazawarar nan da aure, yau kuwa ta ce za ta ba shi amsa.

Ta fito da murmushinta, ta durƙusa za ta gaishe shi, sai ta yi turus. Danshi ya kwantar da turaren rigarsa, ya yi nauyi, ya cika zauren.

"Malam, turare ka sake?"

"A'a, na kullum ne."

Da gaskiyarsa. Da zafi ƙamshin kan tashi ya bi iska, shi ya sa ba ta taɓa gane shi ba. Yau ta gane. Irinsa aka zuba wa likkafanin mijinta a damunar bara, aka fita da shi ana ruwa.

Ta gaya masa, kanta a sunkuye.

Ya ce, "Sai in zubar da kwalbar, Asama'u. Yau ɗin nan."

Ta girgiza kai, hawaye na bin kuncinta. "Ka yi haƙuri, Malam. Ko ka zubar, duk ranar da aka yi ruwa, gawa zan gani cikin rigarka."