Mangwaron da Ya Nuna a Uwarsa

Matso nan, 'yar uwa, tunda kin ce an hana maigidanki sukari har ya fara ture kwano. Ni tun rasuwar nawa nake sayar da kayan marmari a bakin kasuwa, ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba, amma wannan abu ya sa na riƙe baki.

Wata mata ce mahaifinta ya kamu da ciwon suga. Tsohon kuwa ba abin da yake so irin gashin mangwaronta: ta yanyanka shi a kwano, ta zuba sukari, ta rufe da kwaɓin fulawa, ta sa a tukunya mai yashi, garwashi a kan murfi. Da likita ya hana sukari, sai tsoho ya yi fushi da abinci duka, yana ta ramewa har riga ta yi masa yawa. Likita ya ce ɗan marmari kaɗan ba laifi. Ta sayo na kasuwa, irin wanda ake tsinkowa ɗanye a nunar da shi da sinadarin kabayid, jiki ja, ciki tsami. Ba a wurina ta saya ba, ki sani. Ta gasa babu sukari, tsoho ya tofar. Sai ta koma gindin bishiyar mangwaron gidansu, wadda 'ya'yanta ba su nuna ba tukuna, ta shimfiɗa tsohon zane, ta hana kowa jifa ko zungura. Kwana tara tana lallashinsa da kunu cokali-cokali, har mangwaro ya nuna a uwarsa ya faɗo da kansa.

Ta kwaɓa garin alkama da dusarsa, da kindirmo, da man gyaɗa cokali ɗaya, da 'yar citta, ta rufe yankakken mangwaron da kwaɓin. Garwashi kaɗan ta ɗora, tun hantsi har azahar. Da ta ɗaga murfi, wallahi ruwan mangwaron ya tafaso ta gefe, ya yi duhu, yana danƙo kamar zuma, alhali ko ƙwayar sukari bai gani ba. Tsoho ya ɗanɗana ya ajiye cokali.

"Ke, kashe ni za ki yi? Wa ya ce ki zuba?"

Ta rantse ba ta zuba ba. Ya daɗe yana kallon kwanon, ya ce, "Ikon Allah!" Ya cinye ɗan rabonsa, sannan ya tambaya ko da sauran tuwo.

Kin ji aikin Ubangiji. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.