Ƙofar da Aka Hana Ni Taɓawa

A tafiyar nan na yi asarar takalmi ƙafa ɗaya, da haƙurin surukina, da sunan da na yi a kasuwa na matar da ba a taɓa kayarwa a ciniki ba. Abin da na samu kuwa kumburin ƙafa ne, sai hoto guda wanda na fito a ciki kamar an aiko mini da saƙon mutuwa.

Auta ce ta matsa sai na bi su ƙasar waje, ita da mijinta Injiniya. Wai tun tana ƙarama da mahaifinsu ya rasu ban san komai ba sai rumfar atamfa, in zo in ga duniya. Ashe duniyar duwatsu ce. Da sassafe ake zuba mu a doguwar mota, wata 'yar jagora mai ɗaga jar laima tana gaba, muna bin ta kamar 'ya'yan agwagwa. A nuna maka katangar da ta rushe, a ce ka biya. A hau da kai hasumiya har numfashinka ya ɗauke, ka kai sama ka tarar rufin gidajen mutane ne kawai. Ko bayan gida sai da kuɗi. Na taya, matar da ke tsaron wurin ta dube ni kamar na zage ta.

"Mama, don Allah, nan ba a tayi," in ji Auta.

"To wannan fashi ne da rana tsaka."

Ranar ƙarshe aka kai mu tsohuwar fadar garin, wadda suka mayar gidan ajiye kayan tarihi. Takubba, tukwane, da gadajen da ko kyauta aka ba ni ba zan kwana a kai ba. Ina jan ƙafa a baya ina neman wurin zama, har muka shiga ɗakin kayan da aka kwaso daga ƙasashe masu nisa. A ƙurya aka tsayar da wata ƙofar katako, baƙa, gajeriya, an kewaye ta da igiya, an haska mata fitila.

Nan take na manta da ciwon ƙafa.

Jagorar tana bayani, Injiniya yana fassara mini. Wai tsohuwa ce ƙwarai, sassaƙar hannu, kuɗinta ya isa a gina gidan bene har a yi canji. Tsage-tsagen da ke gefenta kuwa, har yau ba a san ma'anarsu ba.

"Injiniya, gaya wa mai gadin nan ina so in ɗora hannuna a kanta."

"Mama, an hana."

"Kai dai faɗa masa. Kowane hani da farashinsa."

Mai gadin dogo ne, ga gashin baki kamar tsintsiya. Na kwance bakin zanena na nuna masa kuɗi, ya girgiza kai. Na ƙara, ya girgiza. Na cire zobena, ya mayar da hannayensa baya. Na ce to a bar tafin hannu, yatsa ɗaya ya ishe ni, in taɓa in ɗauke. Ya ce iyakar abin da zai iya shi ne in tsaya bayan igiya a ɗauke ni hoto. Auta ta yi wuf ta ɗauka don a wuce wurin.

Sai na yi abin da bai taɓa ba ni kunya ba. Na gyara mayafi, na ja tsaki, na juya na kama hanya a hankali, ina jiran a ce "Hajiya, dawo." Na wuce tukwanen. Na wuce takubban. Har bakin ɗakin babu wanda ya kira ni.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa barin ciniki na dawo da ƙafata ba. Ran nan na dawo.

Jagorar ta ɗaga laimarta, wai mota za ta tashi. Mutane suka fara fita. Na dubi mai gadin, na dubi ƙofar, na ɗaga zane na tsallaka igiya. Wata ƙara ta ɓarke kamar ana yanka akuya. Saura kaɗan yatsana ya kai aka riƙe ni ta hagu da dama, aka fito da ni cak, takalmina ɗaya ya rage a can ciki. Injiniya ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe kafin su sake mu.

A mota ya zauna can gaba, ko waiwaye bai yi ba. Auta tana gefena tana share hawaye.

"Haba Mama! Kin tozarta mu a ƙasar mutane a kan tsohon katako."

"Buɗe hoton nan. Jawo mini gefen ƙofar kusa."

Ta jawo. Na sa farce a kan tsagar da ta fi kowacce ƙasa.

"Wannan tsayinki ne, shekarar da na yaye ki. Na sama na yayyenki ne, babanku ke tsagawa da wuƙarsa. Ƙofar ɗakinmu ce, tun ta kakansa. Bayan na fita takaba wani dillali ya zo, na wahalar da shi har ya kusa kuka, na bi maƙwabta gida-gida ina dariya na cuci baƙo, don sai da ya ba ni sabuwar ƙofar kwano da buhun hatsi guda kafin na ce na sallama."