Muryar Jar Mota

Ka ce ka gaji da yi wa mutane aikin da ba ya dawo maka da komai, ko? To gyara zama ka ji labarin wani bakanike.

Akwai wani dattijo da ya mallaki wata jar mota tun yana saurayi, irin ta tseren nan mai kujera biyu, ba rufi, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa. A hannun wani Bature da zai koma gida ya saye ta, kuma a cikinta ya zaga gari da amaryarsa, iska na ɗaga mata mayafi. Amaryar ta tsufa ta rasu, shi kuma idanunsa suka tafi, motar ta zauna gindin durumi har kaji suka mayar da ita akurki. Buri ɗaya ya rage masa, ya sake jin kukan injinta kafin a kai shi makwancinsa. Ɗan ƙanensa bakanike ne, shi ya ɗauki aikin. Kai, na ga masu hannu, amma ban ga kamarsa ba! Ya kankare tsatsa lungu-lungu, ya buge jikin ya miƙe sumul, ya kai wa dukawa kujerun suka lulluɓe su da jar fata, ya fesa mata fenti har kana ganin fuskarka a ƙofa. Abu ɗaya ya gagara. Motar tagwayen kabreta gare ta, wato abin da ke gauraya mai da iska ya shayar da inji, masu kai kamar ƙararrawa, ɗaya kuwa ta tsage. Masu sayar da kayan gyara suka yi masa dariya, suka ce an daina ƙera irinta tun kafin a yanke masa cibiya, ya dasa mata ta wata motar kawai, makaho ina zai gani? Shi ma ɗan Adam ne, ya gwada. Da ya tayar da injin, tsohon yana kan tabarma ya karkata kunne, can ya ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari, amma wannan ba muryarta ba ce." Kunya ta kama bakaniken, ya kwance abin nan take.

Sai ya jefa tsagaggiyar a jaka ya shiga duniya. Gari-gari yake bi, garejin tsofaffin kanikawa, filin 'yan gwangwan, bayan gidajen da aka ce an taɓa ganin tsohuwar mota. Duk wanda ya tarar sai ya ciro ta ya nuna masa, a juya ta, a girgiza kai. Amma yana da wata ɗabi'a da abokansa ke kira wauta: ba ya iya wuce inji yana tari. In ya ga injin ban ruwa ya ƙi tashi, ko babur ya mace wa mai shi a hanya, sai ya tsuguna ya buɗe jakar sifana, ko sunan mai abin bai sani ba. A wani ƙauye ya iske wata tsohuwa zaune gaban injin markaɗenta da ya mutu, robobin wake da tattasai sun yi layi, masu su na ta mita. Ya ɓata yininsa a kai har injin ya ɗauka. Ta kawo masa fura, ya sha, ya nuna mata kabretar don sabo kawai, ba don yana sa rai ba, ya ba ta labarin jar motar da garin da ya fito. Ta shafa ta, ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba. Ya koma gida hannu rabbana, ya tarar baffan nasa ya fara kwanciya, ko zaure ba ya iya fitowa. Ranar dai zuciyarsa ta karye.

Ashe maƙwabcin tsohuwar nan mai zubin tukwane ne, yana sayen tarkacen farin ƙarfe ya narkar. Wata safiya ta je karɓar ludayi, sai ta hango wani abu mai kai kamar ƙararrawa a cikin tarin da za a zuba wa wuta, ga zugazugi har ya fara huci. Ta ce a dakata. Mai zubin ya ce shi nauyi ya saya, ba zai yi asara ba. Ta koma gida ta ɗauko tukunyar da take dafa wa jikokinta tuwo, ta ajiye masa a madadi. Ta naɗe abin a tsumma, ta ba direban motar kasuwa, ta ce ya nemi mai gyaran jar mota.

Da bakaniken ya warware tsumman, sai ga kabreta irin wadda yake nema, ba tsaga ko ɗaya. Ya wanke ta, ya ɗaura, ya daidaita tagwayen da kunnensa har numfashinsu ya zama ɗaya, sannan ya tura motar dab da tagar ɗakin baffansa ya murza makulli. Tsohon da aka kwana biyu ana ba shi kunu a baki ya yunƙura ya tashi zaune, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ita ce. Ku kama ni ku sa ni a ciki." Aka zaga gari da shi a hankali, hannunsa ɗaya na dafe da gefen da amaryarsa take zama.

Duk kasuwannin da ya taka babu wadda ta ba shi abin nan, injin markaɗen da ya tsuguna wa ne ya kawo masa shi har gida. Saboda haka tashi ka koma bakin aikinka, ka daina ƙorafi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.