Gansakukar Bayan Masu Fasa Batir

Rani ya tsananta, harawar Malam Nata'ala ta ƙare, awakinsa shida sun rame. A bayan garinsu Yalwawa, kusa da wurin masu fasa tsofaffin batiran mota, akwai wani kududdufi da suke tuttula ruwan batir a ciki. Babu kifi, babu kwaɗo. Gansakuka kaɗai ce ta lulluɓe shi, kore shar.

Nata'ala mutum ne mai ji da dabararsa. Ya riƙa kwaso gansakukar a buhu, ya shanya a tsakar gida, ya cakuɗa da dusa ya ba awaki.

"Malam, ruwan da kwaɗo ma ya gudu ya bari?" in ji matarsa Kubura.

Ya yi dariya. "Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Da akwai cuta, ai da ita ma ba ta tsiro ba."

A tsakar gidan nan 'yarsu Munira, mai shekara uku, take wasa. Ta damƙi busasshiyar gansakuka, ta kai hannu baki. Nonon akuya kuma shi ne abin karin kumallonta.

Bayan wata biyu awaki suka fara tangaɗi suna karo da bango, biyu suka mutu. Ya ce annoba ce. Sai da Munira ta faɗi tana jijjiga sannan aka garzaya asibiti. Gwajin jini ya nuna gubar dalma.

Da likita ta ji labarin abincin awaki, sai ta ce, "Malam, irin wannan gansakukar taurin rai gare ta. Tana rayuwa a ruwan da ke kashe komai, tana zuƙe dalmar batir tana tarawa a jikinta. Gubar kududdufin ka kwaso da hannunka ka kai gida."

Munira ta rayu, amma gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarta. Yarinyar da surutunta ke cika gida, yau ko "Baba" ba ta iya cewa. Kubura ba ta taɓa goranta masa ba, kuma wannan shirun ya fi komai cin ransa.

Mai karatu, tsiro a cikin ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Ruwan da ake zubar da dattin batir ko sinadari, kada ka kai komai daga cikinsa ga dabba, gona ko gida.