Sifika a Bayan Kunne

"Malam, mi sunka ce?" tsohon mai gyaran rediyon ya tambaya.

Malamin makarantar ya ninke takardar da ta zo daga ofishin rajistar ƙirƙira. "Sun ƙi, Baba. Wai matsar da sifikar abin sauraro daga kan kunne zuwa bayansa ba sabuwar dabara ba ce, kowane mai gyara zai iya."

Shekara biyu ke nan tsohon yana lanƙwasa waya a rumfarsa ta Talata Mafara, tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye ƙauyensu, matarsa kuma ta rasu a sabon matsuguni.

"Zo ka ji," ya ce. Ya ɗora wa malamin abin a ka, ya kunna kaset ɗin da ya ɗauka a tsakar gidansu ana gobe za su tashi.

Awaki na kuka, ana daka a maƙwabta. Sai muryar mace daga baya, dab da kafaɗa: "Maigida, ga hura."

Malamin ya waiwaya da sauri. Bango kawai ya gani.

"Ni ma kullum sai na waiwaya," in ji tsohon.